Mahaifiyar Manaja

Kafin rana ta gama fitowa an gama da Mama. Surukarta ta shigo da kular abinci da filas ɗin shayi ta dire a kan kujerar da ke gefen gado, ta ɗauki fo ta fita da shi tana kau da kai, ta dawo da shi a ɗauraye. Babba, ɗan Mama na fari, ya leƙo daga bakin ƙofa yana gyara wuyan riga.

"Mama, an tashi lafiya? Yaya ƙugun?"

"Da sauƙi."

"To mun gode wa Ubangiji. Mu za mu wuce, yau muna da baƙi."

Kullum suna da baƙi. Ta ji an ja ƙofar falo, ta ji ƙarar kwaɗo, ta ji motar ta yi tari kafin ta tashi. Daga nan sai shiru har faɗuwar rana.

Babba shi ne manajan Cibiyar Taimako da cocinsu ta buɗe a bakin kasuwa. Kowace rana ana dafa abinci a raba wa duk wanda yunwa ta kawo, ba a tambayarsa addininsa ko inda ya fito. Ana raba tufafi da barguna, ana bin marasa lafiya har gida da magani. Matarsa ce ke riƙe da kicin, har masu zuwa cin abinci suka sa mata suna Uwar Marayu, kuma ba sunan banza ba ne. Albashin ma'aikatan wurin bai taka kara ya karya ba, duk da haka hannunsu a buɗe yake. Direban cibiyar ya taɓa tuɓe takalminsa ya ba wani tsoho, ya tuƙa mota ya koma gida ƙafa a ƙasa. Shi kansa Babba ya taɓa kwana biyu a barandar asibiti yana jinyar mutumin da bai ma san sunansa ba. Idan labarin irin waɗannan ya iso kunnen Mama, sai ta ɗaga hannu sama ta ce, "Yesu, na gode da ka ba ni wannan yaro."

Tun da ta zame a banɗaki ƙugunta ya karye, ƙafafunta ba su sake ɗaukarta ba. Amma hannayenta na nan da ƙarfinsu, hannayen da suka yi shekaru suna wanki da guga har ta ɗora 'ya'yanta a hanya. Da su take jan jikinta daga gado ta hau keken guragu, ta gangara falo, ta ɗumama abincinta, ta shiga banɗaki da kanta. Da rana takan zauna a gaban tagar falo tana kallon titi. Wata mai sayar da lemo takan tsaya su gaisa ta cikin ƙarfen taga, su yi ƙorafin tsadar kaya kamar masu zuwa kasuwa tare.

Wata rana da yamma Babba ya shigo ɗakinta ya durƙusa a gaban gado. Ya daɗe bai yi haka ba.

"Mama, akwai wani bawan Allah mai gyaran takalma da ke zuwa wurinmu. Da hannu yake tafiya, gwiwoyinsa duk sun ƙwarzabe. Jibi masu ba mu tallafi za su zo, kuma mun yi masa alkawarin keke a gabansu, sai ga shi kekunan da muka yi oda ba su iso ba."

Ta kalli kekenta da ke jingine a bango, ta kalle shi.

"Aro ne, Mama. Da zarar sababbin sun iso, na farko naki ne. Sabo fil, wanda ya fi wannan."

"Ni kuma fa, kafin nan?"

"Ke kina cikin gida, kina da mu. Shi ba shi da kowa sai titi."

Ita ce ta koya masa tun yana ƙarami cewa wanda ya ba mabukaci Ubangiji ya ba. Yanzu da wane baki za ta ce a'a?

"Ɗauka," ta ce. "Allah ya sa ya ji daɗinsa."

Ya riƙe hannunta ya yi addu'a mai tsawo, ya gode wa Ubangiji da ya ba shi uwa mai zuciyar bayarwa. Sannan ya tura keken ya fita da shi.

Sababbin kekunan sun iso bayan wasu makonni. Mama ta ji labarinsu ne ta bango, lokacin da Babba yake gaya wa matarsa cewa ba su isa ba, masu jira sun fi su yawa. Da ta tambaye shi washegari, sai ya sosa ƙeya.

"Mama, idan aka ga na ɗauko ɗaya na kawo gidana, me za a ce? Za a ce Manaja ya fara karkatar da kayan talakawa. Ki ƙara haƙuri, zan saya miki da kaina."

Daga nan duniyarta ta koma faɗin katifa. Falo ya zama wata ƙasa mai nisa. Mai lemo ta yi ta ƙwanƙwasa ƙarfen taga kwana da kwanaki, Mama tana amsawa daga ciki da iya muryarta, amma muryar ba ta kai ba, har matar ta gaji ta daina tsayawa. Ranar Lahadi sukan yi wanka su yi ado su tafi sujada su bar ta, don babu yadda za a ɗauke ta. Takan rera waƙoƙin yabo ita kaɗai a lokacin da ta san ana rera su a can, wani lokaci ta manta baiti ta koma farko.

Da damina ta kankama, rufin siton cibiyar ya fara yoyo. Aka rasa inda za a kai kwalayen tufafi da bargunan da aka turo wa mabukata, sai Babba ya ce ai ɗakin Mama da fili. Shi da matarsa suka yi ta jido su daga mota suna jerawa. Aka cika bayan ƙofa, aka cika gefen bango, layi na ƙarshe ya hau ya rufe taga.

"Ku bar mini tagar nan, ko iska na sha," in ji Mama.

"Na ɗan lokaci ne, Mama, kafin a gyara rufin," in ji surukarta tana haki. "Kuma ma ya fi, sauro ba zai dame ki ba."

"To shi ke nan. Na samu abokan zama. Su ma dai na ga ba a tambayarsu ko sun kwana lafiya."

Suka yi dariya, suka ce Mama ba ta rabuwa da barkwanci.

Ɗakin ya koma duhu ko da tsakar rana, ga warin tsofaffin tufafi da ya cakuɗe da na fo. Hawa fo ba tare da abin dafawa ba ya zama aiki. Sau ɗaya ta zame ta faɗo tsakanin gado da kwalaye, ta wuni a ƙasa cikin jiƙaƙƙen zane har suka dawo. Tun daga ranar ta rage shan ruwa. Shayin safe ma sai ta kurɓa kaɗan ta rufe filas ɗin, don kada ya matsa mata. Abincin kula kan huce kafin azahar, ta ci loma biyu ta ture. Ga barguna jibge har rufi a gefenta, amma da sanyin damina ya shiga ƙashinta, zanenta ɗaya ta ƙara ja, don an ce na mabukata ne.

Ciwon ya fara ne kamar ƙaiƙayi a ƙasan bayanta, wurin da take kwanciya a kai. Ya koma zafi, ya koma raɗaɗi, daga baya ta ji zanen gado yana manne mata. Ta jira har surukarta ta shigo da yamma ɗaukar kula.

"'Yata, ki ɗan duba mini bayana. Kamar wani abu ya fashe."

Surukar ta tsaya riƙe da kular, idanunta sun yi ja saboda hayaƙi, ƙafafunta a kumbure. Ta ɗaga zanen kaɗan, ta sake shi da sauri.

"Zafi ne ya dafa wurin. Bari na kawo hoda."

Ta kawo ta barbaɗa, ta zauna a bakin gado kamar wadda aka jefar.

"Mama, tun asuba nake tsaye a gaban tukunya. Yau har da masu goyo suka zo, abinci ya ƙare, sai da muka sake ɗorawa. Wata yarinya ta suma a layi saboda yunwa. Ni kaina ban sa komai a bakina ba sai yanzu. Ki yi mana addu'a kawai, aikin ya fi ƙarfinmu."

"Ina yi," in ji Mama. "Ubangiji ya ƙara ƙarfi."

Gaskiya matar ta faɗa. Idan da yawo suke zuwa, da ta san yadda za ta buɗe baki. Amma mutum ya yi ƙarar wa, a kan aikin Allah?

Da ta gaya wa Babba, ya ce akwai nas a cibiyar, gobe zai turo ta. Gobe ta zo ta wuce. Ya ce Nas ɗin ta tafi ziyarar wata unguwa, sai jibi. Daga baya ya daina ambatarta, ya koma shigowa da safe ya ɗora hannu a kan Mama daga tsaye ya ce, "Cikin sunan Yesu, kin warke." Ta lura ya fara yin addu'ar a gajarce, yana numfashi ta baki.

Auta, 'yarta da ke aure a wani gari mai nisa, takan kira a wayar Babba. Shi yake riƙe wayar a kunnen Mama, yana tsaye a kanta.

"Mama, muryarki ta yi ƙasa. Lafiya kuwa? Su Yaya suna kula da ke?"

Mama ta kalli ɗanta, ta kalli kwalayen.

"Lafiya lau, Auta. Barci ne bai sake ni ba."

Ranar da aka gyara rufin sito, baƙi suka sake zuwa, Babba bai samu fita daga cibiyar ba. Ya miƙa wa Direba mabuɗin gida ya ce ya je ya kwaso barguna, Nas ta raka shi don ta zaɓi waɗanda za ta kai wa majinyatanta. "Ɗakin baya ne," ya ce. "Mama tana ciki tana hutawa, kada ku dame ta."

Direba ne ya fara tura ƙofar ɗakin, ya ja da baya ya toshe hanci da hularsa. Nas ta wuce shi ta shiga tana laluben makunnin fitila. Mace ce mai jiki, mai saurin magana, ta shiga gidaje iri-iri a wannan aiki, amma da hasken ya kama sai ta tsaya cik.

"Sannu, Mama. Ni ce nas ɗin cibiya."

"Au, ke ce? Sannu da zuwa, 'yata. An ce za ki zo."

"Yaushe aka ce?"

"An daɗe."

Nas ta sa Direba ya sauke kwalayen da suka rufe taga, iska da haske suka shigo, Mama ta runtse ido. Ta tura shi ya ɗora ruwa a wuta ya kawo jakarta daga mota, sannan ya jira a falo. Da ta juya tsohuwar, zanen gadon ya biyo fatar. Gyambon ya kai faɗin tafin hannu, ya zurma, hoda ta dunƙule a bakinsa. Ta wanke shi a hankali, Mama tana cije leɓe. Ta yi mata wanka, ta canza shimfiɗa, ta yage kwali ɗaya ta zaro bargo ta lulluɓa mata.

"Na mabukata ne," in ji Mama.

"Na sani."

Ta ba ta ruwa. Mama ta shanye kofi, ta miƙa a ƙara, ta sake shanyewa. Sannan ta riƙe hannun Nas da hannayenta biyu.

"'Yata, in tambaye ki. Waɗannan da kuke bi gida-gida kuna dubawa, yaya ake yi mutum ya shiga cikinsu?"

"Ba wani abu ba ne, Mama. Idan mutum yana kwance, kuma ba shi da mai kula da shi, shi ke nan."

Mama ta kalli tagar.

"To ki sa ni," ta ce. "Amma kada ki ce ni na roƙa."

A mota Direba bai kunna rediyo ba kamar yadda ya saba. Sai da suka kusa kasuwa ya ce, "Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha."

Nas ta sami Babba a ofis bayan baƙi sun tafi. Ta rufe ƙofa ta gaya masa abin da ta gani, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Ta ce Mama tana bukatar asibiti, kafin nan kuma a bar mata mabuɗi ta riƙa zuwa kullum tana wanke ciwon.

Ya cire tabarau ya murza idanu. "Sista, kin san ƙa'idar wurin nan. Magani da bandejin cibiya na marasa galihu ne. Mahaifiyata ba marar galihu ba ce."

"Da nawa zan saya. A lokacin hutuna zan je."

"Mutane su ga motar cibiya a ƙofar gidana kullum? Kin san bakin mutane. Abin da muka gina shekara da shekaru, magana ɗaya za ta rushe shi, kuma waɗanda za su sha wahala su ne masu cin abinci a nan."

"A ƙafa zan je, Manaja."

"Na gode da kulawarki. Al'amarin gida ne, zan kai ta asibiti ranar Asabar da kaina." Ya miƙa hannu. "Mabuɗin."

Da yamma ya shiga ɗakin Mama, bai durƙusa ba.

"Mama, me kika gaya wa Nas? Yanzu duk ma'aikata kallona suke. Mun hana ki abinci ne? Mun kore ki ne? Mutane nawa ne ke kwana a titi, ke kina da ɗaki da katifa. Abin da ya kamata shi ne ki rufa mana asiri."

"Ban ce komai ba, Babba. Ciwon ne ya yi magana."

Ya fita. Ta ji matarsa tana kuka a falo tana cewa ita ta gaji, ta yi wa na waje ta yi wa na gida, ƙarshenta ita ce muguwa.

Ranar Asabar gobara ta tashi a layin masu katako, iyalai da yawa suka rasa matsuguni. Babba da matarsa suka wuni suna raba barguna da abinci, suka dawo da toka a gashinsu. Ba wanda ya ambaci asibiti. Asabar ta gaba kuma taron kwamiti ne.

Duk da an hana ta mabuɗi, Nas ba ta fasa zuwa ba. Da tsakar rana takan zagaya ta lungun bayan gidan, ta taka bulo ta leƙa ta tagar da aka buɗe. Wata mai taya girki a cibiyar takan zuba abinci mai zafi daga rabonta ta ba ta, Direba ya sayo ruwan roba. Ta cikin ƙarfen taga Nas take zura su da sanda har bakin gado, ta jefa ƙwayoyin magani a ƙulle cikin leda. Amma ciwon yana baya, hannu ba ya kaiwa daga taga. Sai dai ta tsaya tana kallo, tana cewa, "Mama, ki daure ki juya ɗaya gefen." Wani lokaci su yi addu'a tare, ɗaya a ciki ɗaya a waje. A nan ne ta karɓi sunan unguwar da Auta take da wurin aikin mijinta, ta yi ta cigiya har ta samu lambarta.

Kullum muryar Mama tana ƙara yin nisa. Ta fara kiran Nas da sunan Auta. Abincin jiya yakan kwana a inda sanda ta ajiye shi. Ranar da Nas ta leƙa ta yi sallama ba a amsa ba, ta ga tsohuwar tana rawar sanyi a cikin bargo idanunta a kafe, sai ta sauka daga bulon ta kira Direba. Ya zo da ƙarfen cire taya. Ya tsaya a gaban kwaɗon ɗan lokaci, don ya san aikinsa ne yake shirin ɓallewa tare da shi, sannan ya ce, "Ubangiji ya gani," ya sa ƙarfi.

A asibiti likita ya duba ciwon ya tambayi wanda ke jinyar matar nan. Ya ce gyambon ya kai ƙashi, dafinsa ya shiga jini, ƙodarta ma ta taɓu saboda rashin ruwa. Za su yi iya ƙoƙarinsu, amma ko ta tashi, zama a keke ma sai an yi da gaske.

Babba ya zo a ranar da yamma, lokacin Mama ba ta san inda take ba. Ya biya abin da aka nema, ya tsaya a bakin ƙofa ya yi waya, ya tafi don akwai rabon kaya da safe. Auta, wadda Nas ta kira a waya, ta iso washegari da jaka ɗaya da jariri a baya. Da ta ga gyambon da ke bayan mahaifiyarta, ba ta yi kuka ba, sai ta fita baranda ta zauna a ƙasa ta daɗe.

Zazzaɓin ya sauka bayan kwanaki. Mama ta farfaɗo, ta rame har zoben hannunta yana zamewa, amma hankalinta ya dawo. Ana nan sai ranar da cibiyar ta saba kai ziyara asibiti ta zagayo. Da hantsi suka shigo ɗakin mata a jere, Babba a gaba, matarsa da sauran ma'aikata a baya ɗauke da ledojin sabulu da lemo da burodi. Suka fara daga gadon farko. A kowane gado Babba yakan ja kujera ya zauna, ya tambayi majinyaciya sunanta da abin da ke damunta, ya saurara da kyau, ya riƙe hannunta ya yi addu'a. Ya iya wannan aiki. Wata tsohuwa har hawaye ta yi, ta ce ɗan da ta haifa bai yi mata haka ba.

Mama tana kwance a kan gefenta tana kallonsu suna matsowa gado bayan gado. Da suka iso nata, ma'aikatan suka tsaya nesa kaɗan. Surukarta ta ajiye leda a kan durowa ba ta ɗaga ido ba. Auta ta miƙe za ta yi magana, Mama ta ɗaga mata yatsa.

Babba ya ja kujera ya zauna. Ga mutane suna kallo, ba yadda zai yi ya gajarta.

"Mama, yaya jikin?"

"Da sauƙi."

"Ina ne yake miki ciwo yanzu?"

Ta gaya masa. Ta fara daga bayanta, ta gangaro ƙugu, ta ce ƙafafun ba ta jin su sam, ta ce da dare sanyi yana damunta, abinci kuma ba ya mata ɗanɗano. Ta yi maganar a hankali, ba ta bar komai ba, shi kuma yana zaune yana gyaɗa kai. Ya riƙe hannunta ya yi addu'a. Da ya ce amin, ba ta sake hannun ba.

"Ka ga yau ka zauna," ta ce. "Har ka tambaye ni inda ke ciwo. Da na san a nan ake samunka, ai da tuni na zo."

Mai taya girki ta sa gefen gyalenta a ido.

"Mama, ki yafe mini. Aikin ne ya..."

"Na yafe. Tun ina can ɗakin na yafe, don ban san ko zan kai yau ba. Aikinku kuma mai kyau ne, kada ku bari. Amma idan an sallame ni, Auta zan bi."

"Mama, me mutane za su ce?"

Ta dube shi. Sannan ta saki hannunsa.

"Tashi, Babba. Akwai sauran gadaje, suna jiranka."

Ya tashi. Ya ɗauki kujerar ya matsa gado na gaba, ya zauna, ya tambayi matar da ke kai sunanta.

Da aka sallami Mama, Direba ne ya kai su tasha a motar wani abokinsa, don an dakatar da shi daga aiki saboda fasa ƙofar gidan Manaja. Shi da Nas suka ɗauke ta a kan katifa suka shimfiɗa a kujerar baya, Auta ta tallafe kanta. Ba ta sake zama da kanta ba. Ta yi sauran kwanakinta a ɗaki ɗaya da Auta da jikokinta, a gidan haya mai ƙunci, ana juya ta safe da rana da yamma, yara suna hawa gadon suna damunta da surutu. Kafin wata daminar ta zagayo, ta rasu.

Cibiyar tana nan, ana dafawa ana rabawa, kuma masu ci suna sa albarka da gaskiyarsu. A taron addu'ar da aka yi wa Mama, coci ta cika har waje, yawancinsu mutanen da Babba ya taɓa taimaka wa ne. Suka yi ta layi suna riƙe hannunsa suna cewa Allah ya jiƙan uwar da ta haifi irin wannan ɗa. Kusan dukansu a ranar suka fara jin cewa tana raye a duk shekarun nan, a gidan da suke wucewa ta ƙofarsa kullum.